Ƙodar Tunkiya Ta Goma Sha Huɗu

Ranar Litinin da ƙarfe bakwai da rabi na buɗe ɗakin awo na tarar da igiya babu tunkiya. Kafin takwas tasharmu ta cika da hayaniya, kuma kafin tara kowa ya san ɓarawon, ko da yake babu wanda ya ga komai.

Sunana Nduta. Shekara goma sha tara nake aiki a wannan tashar bincike da ke bayan garin Rumuruti, ni ce mai haɗa magunguna da kula da kayan awo. Aikinmu shi ne auna iskar oksijin da ke cikin ƙoda, don a gane abin da ke kashe ƙodar masu aiki cikin rana ba ruwa. Da can ɓera muke sumarwa mu soka masa allurar gilashi. Yanzu tunkiya ake yi wa tiyata, a dasa mata zaren gilashi guda biyu, siririn kamar gashin jelar doki, ɗaya a ɓawon ƙoda, ɗaya can ƙurya inda iska ke ƙaranci. A kan kowane zare akwai ɗan ɗigon rini. Na'ura ta aika masa haske, ya yi ƙyalli, in iska ta yi yawa ƙyallin ya mutu da wuri. Tunkiya tana tsaye tana tuƙa, mu muna karanta lambobi.

Tunkiyar da ta ɓata, ta goma sha huɗu, ita ce ta ƙarshe a aikin Dakta Kirui, kuma ita ce ta fi ba shi lambobi masu kyau. Ranar nan ta Litinin za a kashe ta a tsaga ƙodar.

Dakta Kirui ne ya gano ɓarakar da aka yi wa shingen waya ta wajen arewa, ta inda hanya ke zuwa rugar makiyayan ƙabilar Samburu. A gindin shingen ya tsinci rigar da muke ɗaura wa tunkiyar da zaruruwan nan biyu, sun bushe cikin ƙura. Kofur ɗin 'yan sanda ya zo a bayan babur, ya leƙa ɗakin, ya garƙama masa kwaɗonsa ya jefa makullin a aljihu.

"Kofur, minti goma kawai ka ba ni a ciki," in ji Dakta Kirui.

"Dakta, ko minti ɗaya. Wa ke ba ta abinci?"

Ni ce na buɗe baki. "Lemeteki. Yana da makulli."

Lemeteki makiyayinmu ne, ɗan Samburu, ya haura hamsin, shekararsa goma sha ɗaya a tashar. Ya ce ya ba ta ruwa Lahadi da safe, bai sake shiga ba, tunda jajiberen kisa ba a ba dabba abinci. Gaskiya ya faɗa, kuma duk mun san haka ƙa'idar take. Amma ɓaraka tana kallon rugarsu, takalminsa na taya ya bar sawu ko'ina, ranar Asabar kuma an yi shagalin kaciya a gidansu an ci nama. Kofur da mai babur suka sa shi tsakiyarsu a kan babur suka tafi. Masu shara suka koma bakin aiki suna cewa dama ai hali ba ya ɓuya. Farfesa Akumu, shugabar tashar, wadda ta dawo daga Nairobi da safen nan, ta dafa ni ta ce in kwantar da hankalina, lambobin ba su salwanta ba.

*

Ranar Talata matar Lemeteki ta zo bakin ƙofa da wani dattijo dogo, siriri, yana riƙe da 'yar kujerar katako ta mutanen Turkana. Sunansa Ekidor. Ya yi shekara talatin yana bin sawun mafarautan giwa kafin a sallame shi da ciwon gwiwa. Farfesa ta ce ya duba in yana so, ita ba ta da abin biyansa. Ta haɗa shi da ni don a rabu da shi.

Ya tsugunna a bakin ɓarakar ya daɗe, yana tauna garin taba.

"Mama, tunkiyarku tana da fiffike?"

"Mzee, ban da wasa," na ce, ina kiransa yadda ake kiran dattijo a nan.

"To ba ta bi ta nan ba. Ga sawun makiyayinku, amma na shekaranjiya ne da na watan jiya. Kofato babu ko ɗaya. Wayar ma daga ciki aka yanke ta, da almakashi mai kyau. Ɓarawon ruga da duwatsu biyu yake cin waya." Ya tofar da yawu. "Wa ke sayen naman da ba a tambayar asalinsa?"

Kowa ya san Mbuthia mai gashi a bakin kasuwa. Muka same shi yana fifita garwashi, cinyar tunkiya rataye a bayansa. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya ɗaga wuƙa sama.

"Tunkiyarku mai waya a ciki? Allah ya kiyaye! In gasa ta wutar lantarki ta ja mini kwastoma?"

"Nuna mini fata, sarkin tsoro," in ji Ekidor.

Ya yi ta kame-kame kafin ya jawo ta daga ƙarƙashin benci. Tamu an aske mata kwiɓin hagu, da ɗinki mai tsawon tafin hannu. Wannan fatar lafiyarta lau, sai dai an yanke kunnen da ke ɗauke da shaidar mai ita.

"Wannan ma ta sata ce, amma ba ita aka aike ni nema ba," in ji Ekidor. "Yanko mana haƙarƙari, mu manta mun gani."

Muka ci da tuwon masara a tsaye. Ni kam naman bai wuce mini da daɗi ba, don matar Lemeteki ta gaya mini da safe cewa ba a bar ta ta gan shi ba, amma ta jiyo muryarsa daga waje.

*

Da muka koma, Ekidor bai sake kallon shingen arewa ba. Ya zagaya ta bayan ɗakin awo, ta wajen da muke ƙona shara, yana tafiya a hankali rana na gefensa. Can ya nuna ƙasa da sandarsa. Ni ban ga komai ba sai tsakuwa.

"Ga ta nan. Ba a ja ta ba, ba a kore ta ba. Tafiya take kusa da mutum, kamar ta saba. Shi kuma ya sa farin takalmin roba irin naku, babba." Ya dubi ƙafata. "Ba ke ba ce, ƙafarki sau biyu za ta shiga ciki. Da rana tsaka aka yi, kafin yayyafin Lahadi."

Lahadi da rana tsaka babu kowa a tashar. Rabinmu muna coci, sauran suna kallon ƙwallo a gari, Lemeteki kuma ya kai garke rafi.

Muka fita ta ƙaramar ƙofar kudu, muka bi ta cikin ƙayoyi kusan tafiyar rabin awa har bakin wani kwazazzabo. Wari ne ya fara tarbar mu. A ƙasa gawar tunkiyar take, rabinta a cinye. Kewaye da ita ungulu huɗu ne matattu, da dila guda yana kwance, yana numfashi da ƙyar, bai ko iya ɗaga kai ba da muka matso.

Ekidor ya tsaya cak. "Guba?"

Na san abin da nake gani. "Allurar kisa ce. Maganin barci ne mai ƙarfi, yana zama a cikin nama. Shi ya sa muke ƙona gawa."

"Makiyayi yana da ita?"

"A kabad take. Makulli uku ne. Nawa, na Dakta, na Farfesa."

Ya juya gawar da sanda. Wuyan babu yanka. Ƙodar dama ungulu sun taɓa, ta hagu kuwa babu ita, kuma inda take an ɗaure jijiyoyin da zaren tiyata, ƙulli mai kyau.

"Ɓarawon nan ya bar cinya biyu ya ɗauki ƙoda ɗaya," in ji shi. "Mama, me ke cikin ƙodar nan da ya fi nama?"

Muka zauna a inuwa na yi masa bayani. Kafin a yarda da lambobin kowace tunkiya sai an cika sharaɗi biyu. Na farko, a tsaga ƙodar a ga da ido inda kan zaren ya zauna. In ya zame ya faɗa cikin gudan jini ko mazubin fitsari, duk abin da ya karanta shirme ne, a zubar. Na biyu, a gwada zaren kansa: a tsoma shi a kwalbar da babu iska ko kaɗan, sannan a kwalbar da aka cika da iska, a ga ko har yanzu yana faɗin gaskiya.

"In ɗaya ya samu, ɗaya bai samu ba fa?"

"An taɓa yi. Kura ta cinye mana wata tunkiya bara waccan, muka tsinci zaren da ɗuminsa muka gwada. Farfesa ta ce a karɓi lambobin, a rubuta bayani a ƙasa."

"Da ɗuminsa?"

"Dole. In jini ya bushe a kan ɗigon rinin, shi ke nan. Ba ya wuce awa guda."

Ya dube ni, na dube shi. Zaruruwan da aka tsinta a gindin shinge sun kwana sun yini a ƙura, ba za su ƙara gwaduwa ba. Ni da nake taƙama da shekara goma sha tara ban yi wannan tunanin ba sai da tsohon da bai iya rubuta sunansa ba ya ja ni da hanci har wurin.

*

Ranar Laraba Kofur ya zo ya buɗe kwaɗonsa, bayan Ekidor ya tuna masa sun taɓa kwana uku tare a daji suna bin ɓarayin shanu. Ekidor ya hana kowa shiga sai ni. Ya ce in nuna masa aikin gwajin daga farko har ƙarshe, kamar yau ne ranar.

Na ɗauko kwalaben biyu daga kan kanta. Ni na haɗa su ranar Juma'a, na rufe kowace da sabon murfin roba, don aikin Litinin. Har na ɗaga allura zan huda murfin sai ya riƙe hannuna. Ya kai kwalbar bakin taga ya matsa robar da babban yatsa. Ƙananan huji biyu suka buɗe baki. Ɗaya kwalbar ma haka.

"Ke kika huda?"

"A'a."

"Ɗakin yana kulle tun Litinin da safe. To wa ya gwada zaren tunkiyar da aka sace?"

Na kunna na'urar. Ita ba ta san kunyar kowa ba, tana ajiye lokacin duk abin da aka yi da ita. Lahadi, ƙarfe ɗaya da minti goma sha biyu na rana, an gwada zare biyu, duka sun ci gwajin.

*

Da la'asar aka taru a ɗakin shan shayi: Farfesa Akumu, Dakta Kirui, ni, Kofur, da Mbuthia, wanda Kofur ya taso ƙeyarsa don a ce ya yi aiki. Matar Lemeteki tana tsaye a bakin taga daga waje. Ekidor ya ƙi kujera, ya zauna a kan tasa, ya ajiye kwalaben a ƙasa gabansa.

"Mai gashi, tafi abinka, kai ƙaramin ɓarawo ne," in ji shi. Mbuthia bai jira a maimaita ba.

Sai ya zayyana abin da ƙasa ta gaya masa, ba tare da ya ɗaga murya ba: shingen da aka yanke daga ciki, farin takalmi, matattun ungulu, ƙullin tiyata. Dakta Kirui yana juya cokali a kofin da ya daɗe da hucewa.

"Duk wannan makiyayi zai iya koya, shekararsa goma sha ɗaya yana kallonmu," in ji Dakta.

"Haka ne, ɗana. Zai iya satar makulli, zai iya koyon ƙulli. Amma ka gaya mini: mutum ya saci tunkiya, ya kashe ta a kwazazzabo, sai ya kwaso zare a guje, tafiyar rabin awa, don kada ya bushe, ya dawo ɗakin da ya yi satar ya tsoma shi a kwalba? Na ga sawun dawowar. Gudu yake, har ya faɗi sau ɗaya. Ɓarawo yana gudu daga wurin sata. Wannan gudu yake zuwa wurin." Ya tura kwalbar gaba da sanda. "Wa lambobin nan suke yi wa amfani?"

Ekidor ya kafa wa Dakta ido, ya ci gaba.

"Ranar Litinin ka roƙi minti goma a ɗakin. Da ka samu, da ka fito ka ce yanzu ka gwada, hujin nan ya zama na Litinin. Kofur ya hana ka, ba don wayo ba, don halinsa ne hana mutane."

"Mzee, a bar sunana," in ji Kofur.

Dakta Kirui ya ajiye cokalin. Bai musa ba. Ya ce ranar Juma'a ya ɗora mata na'urar hoton ciki ya ga zaren ƙurya ya zame, watakila tun makon farko. In aka cire ta goma sha huɗu, sauran ba su isa su nuna komai ba. Shekara huɗu, in ji shi, shekara huɗu, kuma a watan gobe ake jiransa a Turai ya gabatar. Ya ce bai yi zaton za a kama kowa ba, ya ɗauka za a ce ɓarayin daji ne a bar maganar. Har da hawaye. Ban ji tausayinsa ba, kuma har yau ban ji ba. Yana tsaye aka ɗora Lemeteki a kan babur.

Na ɗauka an gama. Sai Ekidor ya juya wajen Farfesa.

"Mama babba, ni ban yi boko ba, a gafarce ni. An ce zaren da ya bushe ba ya gwaduwa. Ke kika koya musu haka. Ranar Litinin an nuna miki su a bushe cikin ƙura, kika ce lambobi ba su salwanta ba. Ta yaya kika sani?"

Farfesa ta cire gilashinta ta goge shi da gefen mayafi, ta mayar. Ta ce wa Kofur dabbar mallakar tasha ce, ma'aikacin tasha ne ya kashe ta, don haka babu sata, maganar ta cikin gida ce, kuma tasha ta janye ƙara. Ta gode wa Mzee. Ta ce a ba shi shayi da burodi kafin ya tafi.

Bai sha ba. Ya ɗauki kujerarsa. A bakin ƙofa ya ce mini, "Giwa ma haka ake yi. Mu kamo mai bindiga, mai mota ya wuce."

*

An saki Lemeteki ranar Alhamis. Dakta Kirui ya samu hutun wata guda, aka ce gajiya ce. Daga baya takardar binciken ta fita da lambobin ta goma sha huɗu a ciki, da ɗan bayani a ƙasa cewa an rasa dabbar kafin a duba ƙodarta. Sunana yana cikin waɗanda aka gode wa. Ban ce a cire ba, ina da 'ya'ya biyu a makaranta, kuma wannan ba hujja ba ce, na sani.

Lemeteki ya dawo aiki ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan sakinsa, yana tafiya a karkace, hannu ɗaya a ƙugu. Babu wanda ya ba shi haƙuri. Masu sharar da suka ce hali ba ya ɓuya suka gaishe shi kamar daga ƙauye ya dawo. Da rana ya same ni a ɗakin awo ina wanke kwalabe. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba.

"Mama Nduta."

"Na'am, Lemeteki. Ya jiki?"

Ya ɗaga rigarsa ya juya mini baya. Daga ƙarƙashin haƙarƙari har ƙugu, hagu da dama, fatar ta yi baƙi ta kumbura, shaidar bakin takalmi a jere. Sannan ya ciro wata 'yar kwalbar lemo daga cikin bargonsa. Abin da ke ciki ja ne kamar ruwan wankin nama.

"Kwana biyar ke nan haka yake fita, kuma kullum raguwa yake. A asibitin gari sun ba ni ƙwaya, sun ce in sha ruwa. Na ce bari in zo wurin masu ƙoda." Ya nuna na'urar da haɓa. "Ki sa mini abin nan ki gani ko akwai sauran iska a ciki."

Na ce masa ba a yi wa mutum, sai an yi tiyata, kuma izininmu na tumaki ne kawai. Na ce ya tafi babban asibiti yau ɗin nan, ba gobe ba, ni zan nemo mota. Na ce masa ni ce na ambaci sunansa a gaban Kofur.

"Na ji ki ai, ina wurin," in ji shi.

Ya mayar da kwalbar cikin bargo, ya sauke rigarsa a hankali. Ya ce motar ta jira zuwa yamma, don tun safe ba a kai tumakin rafi ba, kuma Farfesa ba ta son a bar su da ƙishirwa in ba an rubuta a takardar gwaji ba.